Injin da Ya Koma Bara

Asabar, da hantsi

Ba wanda ya kama hannuna ya kawo ni inda nake. Na bar sakandare a aji uku, ba don na kasa ba, don babu mai tsaya mani. Na yi tallan batir a kasuwar Sabon Birni. Na koyi gyaran rediyo da ido, ina leƙen hannun mai gyara yana kora ta. Ni na fara cajin waya da janareto a bakin tasha. Ni na tafi Maraɗi da ƙafata na ɗauko kwamfuta, na koye ta ba malami, alhali duk abin da take faɗi da Faransanci take faɗinsa. Kwanon shagon nan ni na hau na buga shi. Hoton fasfo, bugun takarda, bidiyon suna da biki, zuba wa'azi a memori, daga Gangara har Tozai babu gidan da aikina bai shiga ba.

Na rubuta wannan ne don jiya Alhassan ɗan Inna Larai ya tsaya ƙofar shagona, gaban mutane, ya ce ni na riƙe masu tsohuwa da sifika.

Ga yadda abin yake. Ƙanensa Atiku ya tafi Libiya bayan ambaliyar bara ta cinye gonarsu. Da sanyi wani direban Agadas ya zo da memori, ciki akwai saƙon murya zuwa ga uwarsa. Na kwafe a injina, direba ya karɓi abinsa ya wuce. Daga nan yaƙi ya tashi can. Ba a sake jin komi ba, kuma ba wanda ke faɗin abin da yake tunani. Tun lokacin duk ran kasuwa Inna Larai na tahowa daga Gangara, ta zauna kan bencina, in kunna mata. Ban taɓa karɓar ko goro ba. Har na haddace:

"Inna, ni ne Atiku. Ina lahiya, na samu aikin gini. Kada ki bar gida, ko wa ya ce ki tashi. Za ni dawo in tarad da ke inda nib bar ki."

Bana ruwa ya ɗauke tun gero bai kai ƙugu ba. Alhassan yana son kwashe gidansu su koma Kwantagora ƙwadago. Tsohuwa ta ce ba ta tashi, ɗanta ya hana ta. To, ni na faɗi maganar? Ni ajiya na yi.

Litinin, bayan azahar

Inji ba lafiya. Foldoji sun koma wasu 'yan kibiyoyi, ka danna ba su buɗewa. Ƙwayar cuta ce, kuma na san masu kawo ta: kowane ɗan tasha ya tsinci memori sai ya kawo a zuba mashi waƙa. Mutane ba su wanke hannu, ba su wanke memori.

Talata, da la'asar

An fita roƙon ruwa. Na rufe shago na bi. Munka dawo rana kamar ta fi ta safe zafi. Gonakin hanyar Gangara sun yi fari, zangarniya ta fito ba ƙwaya.

Ran kasuwa, da yamma

Inna Larai ta zo. Injin ya daɗe yana tunani kafin ya saki muryar, ita ko ta zuba ma sifika ido kamar mai jiran a buɗe ƙofa. Da ya kai "inda nib bar ki" ta ce, "Na ji, Atiku. Ina nan." Kullum haka take amsa shi.

Ta rame. Ƙullin zanenta anza ce, 'ya'yan itacen daji da ake ci lokacin yunwa, ta ce za ta jiƙa ta cire ɗaci. Na ba ta ruwan sanyi, ta sha rabi ta juye sauran a gorarta.

Ta ce, "Kalilu, akwatin nan naka yau shina nishi."

Na ce, "Mura ce, Inna. Za ni yi mashi magani."

Jumma'a, bayan masallaci

Ina da abin da Malami, mai gyaran kwamfuta a garin Isa, ba shi da shi, duk da takardar kwalejin da ya rataya a bango. Bara bayan ambaliya na ɗauki kwafin injin nan gaba ɗaya, daga kai har ƙafa, na zuba a faifan ajiya na naɗe a leda. Lokacin lafiyarsa lau. Gobe za ni maido shi. Wanda bai da wannan sai ya wanke inji ya fara daga farko. Ni ba haka nake aiki ba.

Asabar, da magariba

Ba abin rubutawa.

Lahadi, da safe

Inji ya warke. Yana gudu kamar sabo. Hoton fuskarsa ma ya koma na bara, wanda na ɗauka a gadar gulbi, ruwa har wuyan itace. Na daɗe ina kallon ruwan.

Lahadi, bayan azahar

Na duba ko'ina. Na sake dubawa.

Litinin, da hantsi

Bari in rubuta yadda anka yi, don gobe wani zai juya maganar.

Na haɗa faifan ajiya, na bi matakan kamar yadda na sani. Can sai injin ya tsaya, ya fito da wani dogon rubutu na Faransanci, ƙasa akwai Wi da No, wato E da A'a. Ban taɓa ganin wannan tambayar ba. Mutum mai gaggawa da ya danna kawai. Ni ban danna ba. Na kira Amiru, mai safarar kaya zuwa Maraɗi, wanda kullum ke cika mana kunne cewa shi da jandarmomi, 'yan sandan can, Faransanci suke yi. Na karanta mashi yadda zan iya. Yana cikin mota, iska na bugun wayar. Ya ce sake faɗin ta farkon. Na faɗa.

Ya ce, "Ah, ekraze! Niƙawa ke nan. Kamar yadda mata ke kai gero inji."

Na ce, "Niƙa mi?"

Ya ce, "To mi ka ba shi? Abin da ka ba shi zai niƙa."

Mi na ba shi in ba cuta ba? Cuta na kawo shi ya kashe. Duk mai hankali abin da zai fahimta ke nan. Na danna Wi.

Ashe ba cuta kaɗai ba. Duk abin da ke cikin injin ya shafe, ya shimfiɗa bara a kai. Abin da ya shigo bayan ranar da na ɗauki kwafin nan, babu shi. Bikin gidan hakimi babu. Hotunan 'yan makaranta babu. Injin bai san an yi sanyi ba, bai san an yi yaƙi ba, bai san ruwa ya ɗauke ba. A wurinsa direban Agadas bai zo ba tukuna.

Harshen da ke kiran shafewa niƙa, wane irin harshe ne?

Talata, da yamma

Aiki ya yi yawa. Kowa na son hoton fasfo, kowa tafiya zai yi. Samarin Tozai sun cika benci, wasu Legas, wasu Fatakwal, tun kaka ba ta yi ba. Na ɗauka, na zuba a inji, na buga. Har bidiyon wani ɗaurin aure na zuba. Aiki ba ya tsayawa don ran mutum ya ɓaci.

Ran kasuwa, da azahar

Na ce ma Inna Larai babu mai a janareto.

Ta dubi firinta yana fitar da hoton wani yaro. Ta zauna kan benci har inuwa ta juya, sannan ta ɗauki sandarta.

Ran kasuwa, bayan isha'i

Jamilatu matata ta aje mani tuwo ta ce, "Maigida, tsohuwar Gangara ta biyo ta nan ta sha ruwa. Ta ce in tambaye ka ko man ya samu." Na ce mace ta kula da tukunyarta. Ta ce tukunyar ba komi cikinta da za a kula da shi, shi ya sa take da lokacin tambaya.

Ko a gidana.

Jumma'a, da la'asar

Amiru ya dawo. Na same shi wurin mai shayi yana ba da labarin yadda shanu ke faɗuwa a hanyar Madarunfa. Yana ganina ya buɗe hannu.

"Mushe Kalilu! Ya aikin niƙa?"

Su can haka suke ce ma mutum don girmamawa. Na ce mushe yana bakin gulbi, ya je ya gaishe shi. Na ce ya kashe ni da Faransancinsa na tasha.

Ya ce, "Tsaya, tsaya. Ni mi nic ce maka? Ekraze niƙa ne ko ba niƙa ba ne? A tambayi duk wanda ya taɓa ƙetara iyaka."

Na ce, "Akwai sauran rubutu bayanta."

Ya ce, "To ka karanta mani shi kamar mai tauna tsakuwa, ina cikin mota. Kuma ni na ce maka niƙa, ban ce maka danna ba. Yatsan wa?"

Wani dillalin awaki ya ce, "Mi anka niƙe?"

Da an yi shiru da ya wuce. Amma Amiru ba ya iya ganin rami bai leƙa ba. Ya dube ni, dariyar ta bar fuskarsa, ya ce a hankali, "Kai, ba dai muryar yaron Gangara ba?"

A hankali ya faɗa, amma wurin mai shayi ne.

Asabar, da safe

Wasu 'yan acaba sun wuce ƙofar shago, ɗaya ya ɗaga murya, "Mai Niƙa, nawa ne tiya?" Sunka bushe da dariya. Rabin su ni na koya masu yadda ake sa memori a waya.

Lahadi, bayan azahar

Alhassan ya zo. Bai yi sallama ba.

Ya ce, "Gaskiya ne?"

Na ce ana kan aiki.

Ya ce, "Injiniya, gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne?"

Na ce ya rage murya, nan wurin sana'a ne. Na tuna mashi mako biyu da sunka wuce a nan ya tsaya yana cewa muryar ce ta hana su tafiya. To ga shi babu ita, sai ya yi murna. Jiya laifina na ajiye, yau laifina na rasa. Ya zaɓi ɗaya.

Ya ce, "Ɗan'uwana ne. Ni ma ina zuwa in tsaya bayan taga in ji, kai ba ka sani ba."

Ban sani ba. Wa ya hana shi shigowa?

Sai ya tono maganar watan azumi, wai ya kawo wayarsa ya ce in tura mashi na ƙi. E, na ƙi. Wayarsa cike take da ƙwayar cuta, kuma na san halinsa, da ya samu sai ya goge ya ce ma tsohuwa ta ɓace don ta tashi. Wurin da ya fi ko'ina tsaro a ƙasar nan injina ne. Haka yake a lokacin. Duk wanda ya ce ba haka ba ne ya zo ya faɗa a gabana.

Da zai fita ya ce, "Ba ta sani ba tukuna. Kai za ka gaya mata, ba ni ba."

Litinin, da asuba

Ba za ni Isa wurin Malami ba.

Litinin, da magariba

Na dawo daga Isa. Na ɗaure injin a bayan babur cikin bargo kamar mara lafiya. Gulbi ya zama hanya, mun bi ta cikinsa ƙafa ba ta jiƙe ba.

Malami ya bar ni tsaye yana latsa waya. Labari ya riga ni zuwa. Ya ce, "Malam Kalilu da kansa? Yau za a yi ruwa." Yaran shagonsa sunka yi dariya don albashinsu.

Ya tambayi yaushe abin ya faru. Na faɗa. Ya ce, "Ka kashe injin tun ranar?" Na ce ina da iyali, aiki nake. Ya kama kai. Ya ce abin da anka shafe ba ya tafiya nan take, yana nan kwance kamar sawu a rairayi, sai an bi ta kansa yake ɓacewa. Ajiyar bara ta taka wani sashe. Sauran kuma duk hoton da na zuba, duk bidiyon da na kwafa, garke ne na kora ta wurin.

Na ce da wa zai gaya mani? Ya ce, "Da ka tambaya." Na ce na tambaya sau ɗaya a rayuwata, ga inda ta kai ni.

Ya ƙara da cewa kwafin inji gaba ɗaya ba ajiya ba ne in ba a sabunta shi, kuma kafin a maido da shi ana kwashe kayan mutane gefe. Ya faɗa da Turanci, ya sake faɗa da Hausa don yaransa su ji. Na tsaya na sha. Ban taɓa tsayawa an yi mani haka ba tun ina tallan batir.

Ƙarshe ya jefo mani wani faifan CD, ya ce akwai manhajar tono a ciki. Ya ce in cire faifan cikin injina in haɗa da wani injin, kada in sake rubuta komi a kansa. Ya ara mani wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen murfi. Ya ce shi ba shi da lokacin wannan, kuma ba abin da zai fito.

Talata, da yamma

Manhajar ta kwana biyu tana aiki a raina, a zahiri wuni ɗaya. Ta tono tarin abubuwa, amma ba ko ɗaya mai suna. Lambobi kawai. Ba folda, ba kwanan wata. Na sauti kaɗai sun fi ƙarfin ido. Ba yadda za a san na Atiku sai an saurara ɗaya bayan ɗaya.

Na rufe shago. Na rubuta a ƙofa: ba aiki.

Laraba

Wa'azi. Waƙar Indiya. Wa'azi. Rabin karatu. Ƙara kamar ana soya gyaɗa.

Ran kasuwa, da azahar

Ta ƙwanƙwasa. Ina ciki da abin ji a kunne. Na ga ƙafafunta ta ƙasan ƙofa, da gindin sandar.

Ba ɓuya na yi ba. Aiki nake.

Jumma'a, bayan masallaci

Liman ya yi huɗuba kan amana. Mutum biyu sunka waiwayo. Ɗayansu har yau hoton ɗiyarsa na aure yana shagona bai zo karɓa ba.

Asabar, da la'asar

Kunnena na dama ya fara ruwa. Na koma na hagu. Man janareto ya ƙare, na ɗauki rediyon ɗakina na kai ma mai mai ya riƙe. Jamilatu ta kawo fura ta aje bakin ƙofa ba magana. Ta fi kowa iya faɗa da shiru.

Amiru ya aiko da galan na mai daga Maraɗi. Na mayar. Ya sake aikowa, ya ce ba nawa ba ne, na Atiku ne. Na karɓa don wannan. Bai wanke shi ba.

Litinin, da hantsi

"Inna, ni ne Atiku."

Na tashi tsaye har kujera ta faɗi.

Litinin, bayan azahar

Ga abin da ya saura: "Inna, ni ne Atiku. Ina lahiya, na samu aikin gini. Kada ki"

Daga nan sai kalangu. Wani bikin bara ne ya hau kan sauran, mata na guɗa, maroƙi na kiran sunan ango. Na sake tonowa ta kowace hanya. Iyakarsa ke nan.

Na kwafe shi wuri uku kafin in sha ruwa. Memori, CD, faifan ajiya. Na zuba wani a wayar Jamilatu.

Talata, da safe

Na aika a kira Alhassan. Ya saurara yana kallon bango. Da kalangun ya shigo ya fita waje, ya daɗe, ya dawo ido ja.

Ya ce, "Malam Kalilu, yanke daga 'aikin gini'. Cire wancan 'kada ki' da kiɗan. Ta ji ɗanta lahiya lau, shi ke nan, mu tahi."

Na ce ba ni yankewa. Ya ce ai na riga na yanke babba, mi ne ɗan ƙarami? Na ce wancan inji ya yi, wanga ni za ni yi da sanina, kuma ba ni yi. Abin da ya rage na yaron nan ba mai taɓa ko harafi. Ya kira ni mai taurin kai. Sunan da ya fi Mai Niƙa.

Ran kasuwa, da yamma

Ta zo. Na buɗe ƙofa tun kafin ta ƙwanƙwasa. Alhassan ya tsaya bayan taga inda ya saba.

Na ce, "Inna, akwai magana."

Ta ce, "Na ji ta wurin masu ɗibar ruwa. Kunna abin da ka samu."

Na kunna. Da ya ce "ni ne Atiku" ta rufe ido. Da ya kai "kada ki" bakinta ya ci gaba da motsi, ita kaɗai, kalangu na bugawa a kai. Ta kai har ƙarshe. Ta jira. Ba ta ce "ina nan" ba.

Ta ce, "Sake."

Na sake. Na sake kuma.

Ta ce, "Bikin wa ake yi mashi a baki?"

Na faɗi gidan. Ta ce, "An ma saki yarinyar."

Sai ta juyo gare ni. "Ina sauran?"

Na fara yi mata bayanin ajiyar bara da Faransanci da Amiru. Ta ɗaga hannu.

"Kalilu, ni ban san Amiru ba. Kai na ba."

Na juya ina gyara wayar sifika. Ba don ba ni da amsa ba.

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Can ta ce, "Duk ran kasuwa shina ce mani in zauna, ina zama. Yau ya zo wurin ya yi shiru." Ta ɗaga murya ba ta waiwaya ba. "Alhassan, na san kana nan. Nemi motar."

Na sa memorin a wata 'yar rediyo mai batir, na nuna mata inda ake dannawa. Ta ƙulle ta a zane tare da anzar.

Ta ce, "Ban yahe maka ba tukuna. Amma in ya dawo ya tarad da gida ruhe, tasha zai sauka, kai ne nan. Ka gaya mashi ban tashi ba sai da rumbu ya ƙare. Ka gaya mashi inda nike."

Na ce za ni gaya mashi.

Lahadi, da hantsi

Sun tafi. Babbar mota, tabarmi da tukwane da akuya ɗaya. Ban je ba. Daga ƙofar shago ana ganin tasha.

Litinin, da la'asar

A wurin mai shayi ana cewa Malami na Isa ne ya tono muryar. Shi ma bai musa ba. CD ya jefo mani. Kunnen wa ya yi ruwa?

Na bar su. Wannan ba shi ne ya dame ni ba.

Talata, bayan azahar

Na je Gangara kai hotunan wasu mutane. Na biya ta gidan Inna Larai. An toshe ƙofa da ƙaya da tsohon kwano. A jikin kwanon Alhassan ya rubuta da baƙin mai, manya-manya:

ATIKU MUN TAFI. KA TAMBAYI MAI NIƘA A TASHA.

Na tsaya rana na dukana. Wannan suna bai kai wata ɗaya a duniya ba. Atiku bai taɓa jin sa ba. In ya sauko ya karanta wannan, wurin masu injin gero zai nufa, bayan mahauta, su ce ba su san zancen ba. Mutumin da ya ƙetaro sahara ya tsaya yana tambayar masu gari ina uwarsa.

Ban taɓa kwanon ba, ba ƙofata ba ce. Na tafi wurin mai unguwa, na same shi ƙarƙashin itacen bedi yana gyangyaɗi. Ya ce ai kowa ya san wa ake nufi. Na ce kowa ban da mutum ɗaya, kuma don shi anka rubuta. Ya ce to sai an yi shawara. Na ce ga fenti na saya, ga buroshi, ga ɗansa mai sakandare. Na ce ba ni barin garin nan sai na gani da idona.

Ina zaune kan dakalinsa nake rubuta wannan. La'asar ta kusa, ya shiga gida ya bar ni, yana zaton za ni gaji. Bai san ni ba.

A goge wancan. A rubuta sunan da ubana ya raɗa mani, cikakke, yadda yaron ya san shi: Kalilu Na'Allah, mai kwamfuta, bakin tashar Sabon Birni.